Yadda za ku yi yawon yini ɗaya daga Madina zuwa Badar, Rayis da Yanbu ba tare da direba ya cinye muku rana ba

Jama'a assalamu alaikum. Tun da muka dawo daga Yanbu da su Gwaggo na ɗora hotunan teku a WhatsApp ban huta ba, wannan ya ce wa ya kai ku, wancan ya ce ana iya zuwa da yara, wata ta ce ita shekararta goma sha biyu a Madina ba ta taɓa ganin Bahar Maliya da idonta ba sai ta tagar jirgi. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauka.

Sau uku na yi tafiyar nan. Ta farko wallahi asarar kuɗi ce kawai, mun yi da wani direba a kan "Badar da Yanbu" da baki, muka bar gari wajen tara na safe, muka yi ta jan ƙafa a Badar har rana ta take, muka ci shinkafa a mahaɗɗar mai, wato gidan mai, muna isa Yanbu ya zagaya da mu bakin teku ya ce to kun gani ai, mu juya dare na yi. Na ce Malam ƙauyukan fa? Ya ce wane ƙauyuka, ai ba mu yi da kai ba. Kuma gaskiyarsa ce, ba mu yi ba. Daga ranar na gane tafiyar yini ɗaya tun kafin a shiga mota ake gyara ta ko a ɓata ta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku fara da sanin hanyar

Daga Madina zuwa Badar wajen kilomita 150 ne. Daga Badar ka gangara yamma kaɗan sai ga teku, nan garin Rayis yake, tafiyar kamar rabin awa ko fiye kaɗan. Daga Rayis ka miƙe arewa zuwa Yanbu. Ita kuma Yanbu uku ce, mutane da yawa nan suke ruɗewa: akwai Yanbu Sina'iyya ta masana'antu, akwai Yanbu Bahar tsohon garin bakin teku, sannan akwai Yanbu Nakhal wadda take can ciki wajen kilomita 50 daga teku, ita ba gari ɗaya ba ce tarin ƙauyuka ne na dabino da idanun ruwa a cikin kwari. Dawowa daga Yanbu zuwa Madina kilomita 200 da 'yan kai ne, awa biyu da rabi in ba a tsaya ba. In ka haɗa duka za ka ga kun kusa kilomita 600 a yini guda. Don haka duk wanda ya ce maka za ku fita bayan karin kumallo ku ga komai ku dawo kafin isha, ko dai bai san hanyar ba ko kuma ya riga ya yanke wani wuri a ransa bai faɗa maka ba, kuma kullum ƙauyukan ake yankewa.

In akwai tsofaffi sosai ko mai ciki ko jarirai, ku zaɓa tun a gida: Badar da Rayis kawai ku dawo da la'asar, ko Badar da Yanbu Bahar. Ba dole sai an haɗa duka ba.

Takardu

Wannan a gajarce. Mazauni ya riƙe ikamarsa, wato katin zaman ƙasa, mai rai, ta matarsa da ta yara ma, kada a ce ai tana cikin manhajar Absher ta waya sannan caji ya ƙare a hanya. Baƙon da ya zo da bizar Umara an ba shi damar yawo a garuruwan ƙasar, amma ya riƙe fasfonsa ya kuma sanar da ejan ɗin da ya kawo shi. Bizar aikin Hajji kuwa daban ce, iyakarta Makka, Madina da Jidda, kada ku ɗauki alhaji a lokacin Hajji ku ce za ku nuna masa teku. Wanda kuma takardarsa ba ta cika ba, don Allah ya haƙura, akwai shingen bincike a hanya, kuma ba shi kaɗai abin zai shafa ba har direban da sauran 'yan motar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Neman mai kai ku

Nan ne aikin yake. Direba daban, ɗan jagora daban. Direba ya san kwalta, murshidi shi ne wanda zai tsaya a filin Badar ya nuna maka da yatsa ga inda Musulmi suka sauka ga inda Ƙuraishawa suka sauka. Akwai murshidai masu lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido, kana iya cewa ya nuna maka katinsa kuma ba rashin kunya ba ne. Mafi yawansu Larabci suke yi ko Turanci, to in a cikinku akwai su Hajiya da ba sa ji, ku tafi da ɗalibi ɗaya daga Jami'ar Musulunci wanda ya karanta sira ya dinga fassarawa, a ba shi kujera da abinci da ɗan abin hasafi, irin wannan ba ya wuya a Madina. Mu haka muka yi a tafiya ta uku kuma ita ce ta fi kowacce armashi.

Motar ta zama ta kamfani mai izinin ɗaukar fasinja. Na san akwai 'yan uwanmu masu kabu-kabu da za su yi maka rabin farashi, amma ɗaukar fasinja ba izini laifi ne a nan, in aka tsayar da ku a hanya ranarku ce ta tafi, araha ba ta ado. Mutum shida zuwa bakwai Jims, wato GMC, ta ishe ku, goma zuwa sha biyu Hayis, in kun haura haka sai Kosta, sai dai ku sani duk yadda mota ta girma haka tsayuwa take tsawo, mutum ashirin su shiga banɗaki su fito ai rabin awa ta tafi.

Farashi yana hawa yana sauka da lokaci, ku tambayi wuri uku kafin ku tsaya a ɗaya. Abin da ya fi farashin muhimmanci shi ne a rubuta. Ka tura masa saƙo a rubuce ba na murya ba, ka jera wuraren da sunansu ɗaya bayan ɗaya: Rauha, Badar, Rayis, Yanbu Bahar, Yanbu Nakhal, Suƙul Lail (kasuwar dare ta Yanbu), ka sa ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a baro Yanbu, mai a kan wa yake, abincin direba a kan wa yake, in an wuce lokaci kuɗin kowace awa nawa ne, in mota ta lalace wa zai kawo wata. Ya amsa da "tamam" a rubuce. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, ragowar sai an sauke ku a ƙofar gida. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya da za ta tona shi, ka ce a Yanbu Nakhal wane ƙauye za mu tsaya? In ya kira suna irin su Jabiriyya ko Mubarak ko Suwaiƙ to ya taɓa zuwa. In ya ce "duk za mu zagaya in sha Allahu" nemi wani.

Rana da kaya

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin. Da zafi kada ma ku fara, zafin Madina busasshe ne amma na Yanbu da gumi yake zuwa, ka fito daga mota riga ta manne maka. Asabar ta fi Juma'a, don Juma'a da safe kusan komai a rufe yake kuma sallar za ta raba muku yinin gida biyu. In an yi hasashen ruwan sama ku ɗaga tafiyar, kwarurrukan hanyar nan ambaliya suke yi farat ɗaya ko da ruwan a kan duwatsu can nesa ya sauka.

Kaya kuwa: katan ɗin ruwa, kula da ƙanƙara, fulas ɗin shayi, tabarma, buta, silifas na shiga ruwa, kayan canji na yara, leda ta shara, maganin wanda yake shan magani, da kuɗi a hannu ƙanana saboda mai sayar da dabino a ƙauye ba lallai yana da na'urar kati ba. Karin kumallo a yi shi a gida a ci a mota. Maganar salla, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru tun kafin ku isa Badar, ku daidaita tun a gida yadda za ku yi da haɗa azahar da la'asar, kada a tsaya ana muhawarar mazhaba a bakin titi kamar yadda kawuna biyu suka yi mana.

Ranar tafiya, daga asuba zuwa hantsi

Ana idar da asuba a shiga mota, shida da rabi ta yi muku a bayan gari. Tsayuwar farko rijiyar Rauha ce, wajen kilomita 70 zuwa 80 daga Madina, ana ɗan ratsewa daga babban titi. Manzon Allah (SAW) ya sauka a nan a hanyarsa ta zuwa Badar, kuma daga nan ne ya mayar da Abu Lubaba ya je ya riƙe Madina. Minti goma sha biyar ya isa. Za ku ga mutane da jarkoki, kada ku bari layin cika jarka ya cinye muku safiya.

Daga nan hanya ta shiga Wadi Safra, kwari ne tsakanin baƙaƙen duwatsu, da ƙauyuka irin su Musaijid da Hamra da Wasiɗa. Ku ce wa direba ya ɗan rage gudu, wannan ita ce tsohuwar hanyar da alhazan da suka sauka daga jirgin ruwa a Yanbu suke bi da raƙuma kwana da kwanaki kafin su ga Madina, abin da ku za ku yi a awa biyu da rabi kuna shan sanyin mota. A Safra ɗin nan Ubaida bin Haris ya cika a hanyar dawowa daga Badar saboda raunin da ya samu a mubaraza, wato fito-na-fiton farkon yaƙi.

Badar

Takwas da rabi ku kasance a nan, kuma ku ba ta awa ɗaya da rabi cur amma kada ta wuce. Ni shawarata kada a fara da maƙabarta kamar yadda direbobi suke yi. A fara da wuri mai ɗan tudu inda za a ga filin gaba ɗaya, murshidi ya nuna Udwatud Dunya da Udwatul Ƙuswa, gefen kwari na kusa da na nesa waɗanda Suratul Anfal ta ambata, da ɓangaren da teku take inda ayarin Ƙuraishawa ya bi ta ƙasa da su. In ka ga wannan da ido ayar da ka haddace tun kana allo sai ta zauna maka daram.

Labarin da nake so ɗalibinku ya ba yara a nan shi ne na Abu Sufyan. Ya taho da ayari daga Sham, ya riga mutanensa isowa rijiyoyin Badar, aka ce masa wasu mahaya biyu sun tsaya sun sha ruwa, sai ya je inda raƙumansu suka durƙusa ya farfasa kashin ya ga ƙwallon dabino, ya ce wannan abincin dabbobin Yasriba ne, wato Madina, nan take ya karkatar da ayarin ya bi gaɓar teku ya tsira. Ku riƙe wannan, don hanyar da za ku bi bayan awa ɗaya wajen can ta nufa.

Sannan a je Masallacin Arish, wanda aka gina a wurin rumfar da aka kafa wa Annabi (SAW) bisa shawarar Sa'adu bin Mu'azu. Yaƙin ranar Juma'a aka yi shi 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624, Musulmi ɗari uku da goma sha wani abu da doki biyu da raƙuma saba'in, Ƙuraishawa wajen dubu. Shahidai 14 ne, shida Muhajirai takwas Ansaru, maƙabartarsu a katange take, akwai allo da aka rubuta sunayensu a kusa. A yi sallama a yi addu'a a wuce, ba a ɗibar ƙasa ba a jefa takarda. Akwai tudun yashi da ake kira dutsen mala'iku, yara za su so hawa, in kun bar su to ku san minti ashirin ya tafi kuma yashin zai biyo ku har Madina a cikin takalma.

Rayis

Ƙaramin gari ne na masunta, ruwansa garau, gaɓar ba zurfi a wurare da yawa, nan ne wurin da yara za su tsoma ƙafa ba Yanbu ba. Minti arba'in zuwa awa ɗaya. A shimfiɗa tabarma a sha shayi. A sa silifas kafin a shiga saboda duwatsun murjani suna yanka, kuma a tsaya inda aka ga allon izinin wanka da sauran iyalai, masu tsaron gaɓa ba sa wasa da wannan. Kusa da nan ne tsohuwar tashar Jar take, tashar jiragen ruwan Madina a farkon Musulunci, inda jiragen hatsin da Amru bin Asi ya aiko daga Masar suka sauke a zamanin Sayyidina Umar. Yanzu burbushi ne kawai, murshidi ya nuna muku wajen ya ba da labarin ya wadatar.

Gwaggo a nan ta tsaya tana kallon ruwan shiru, can ta ce min kai ɗan nan yanzu tsallaken nan Sudan ce? Na ce Gwaggo daga nan dai Masar ce ta fi daidai, Sudan sai an gangara kudu. Ta ce to ko ma ina ne, kakanta ta nan ruwan ya ƙetaro.

Yanbu da kifi

Kafin ku shiga Yanbu Bahar za ku ratsa Sina'iyya, garin da hukumar masarauta ta Jubail da Yanbu da aka kafa a 1975 ta gina, nan bututun mai da ya taso daga gabashin ƙasar wajen kilomita 1,200 yake ƙarewa. A kalla da ido, kada kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar matatun mai, ku faɗa wa samarin motar tun kafin a iso.

Sha biyu da rabi ku yi salla ku nufi kifi. Kada ku bari direba ya kai ku inda ya saba kai kowa ba tare da kun ga kifin ɗanye ba. Yadda ake yi shi ne ka zaɓa da kanka, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin kilo da kuɗin suya ko gashi kafin wuƙa ta taɓa shi. Ka duba ido ya zama garau ba fari-fari ba, ka ɗaga kunnen ka ga ja, ka danna jikin ya dawo. Najil shi ne sarki kuma kuɗinsa na sarki ne, hamur ma haka, sha'ur ya fi sauƙi kuma soyayyensa ba ya ba da kunya, akwai harid mai launi kamar aku. A haɗa da shinkafar sayadiyya, wadda ake soya albasa har ta yi duhu a dafa shinkafar a ruwanta, da ɗahina da miyar tsamiya da suke kira humar. Mai son yaji ya taho da nasa daga gida a ƙulle, nasu ba ya jin Bahaushe. Dabara ɗaya: tun kuna Rayis mutum ɗaya ya karɓi abin da kowa yake so, kuna isa a ba da oda a tafi salla, ana dawowa ya nuna. Biyu da kwata a tashi ko da wani bai gama tsotsar ƙaya ba.

Yanbu Nakhal, inda ake yawan yankewa

Daidai nan direba zai fara hamma ya ce Alhaji ba komai fa a can sai dabino. Ka buɗe saƙon da ya amsa ka nuna masa cikin raha. Tafiyar minti arba'in ce, teku na bayanka, Dutsen Radwa da ya haura mita 2,000 yana tsaye ta gefen arewa.

Abin da za ku gani ƙauyuka ne a jere a cikin kwari, tsofaffin gidajen laka da dutse wasu sun rushe wasu an gyara, gonakin dabino, da magudanan da ake jan ruwan ido da su zuwa gona, kowane manomi da lokacinsa na ban ruwa. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Damagaram zai ji wani abu a ransa, don lungunan da katangun kamar na gida. Idanun ruwan da yawa sun ƙafe shekaru da dama, wasu kuma sun dawo suna gudu bayan an samu ruwan sama mai yawa, saboda haka murshidi ya kira wani ɗan garin tun da safe ya ji wanne ne yake gudu a wannan makon, kada ku yi ta bulayi. A yankin nan Sayyidina Ali yake da gonaki da idanun ruwa da ya mayar waƙafi. Kuma nan ne Ushaira, inda Annabi (SAW) ya fito a shekara ta 2 don tare ayarin Ƙuraishawa yana tafiya Sham ya tarar ya wuce, ya ƙulla alkawari da Banu Mudlij ya koma. Ayarin nan shi ne dai na Abu Sufyan wanda dawowarsa ta jawo Badar. Kun ga ke nan da yamma kuna tsaye a farkon labarin da kuka ji ƙarshensa da safe.

Ladabin ƙauye kun san shi: a yi sallama, ba a shiga gona sai an ce bismillah, ba a tsinkar dabino, ba a wanke ƙafa da sabulu a magudanar da take shiga gonar mutum, ba a ɗaukar hoton mutane balle mata sai da izini, wannan ma doka ce a ƙasar. In dattijo ya ce ku zo ku sha gahawa ku karɓa da hannun dama, in ta ishe ka ka girgiza ɗan kofin. Mata su nemi lallen Yanbu, ya yi suna, Gwaggo sai da ta sayi na tsarabar unguwa guda.

Biyar da kwata a juya, lokacin sanyi magariba da wuri take faɗuwa kuma akwai raƙuma a hanyoyin ƙauye.

Suƙul Lail da komawa gida

Ku yi magariba a Yanbu Bahar ku shiga tsohuwar unguwa da ƙafa. Gidajen dutsen teku ne da tagogin katako masu fitowa waje da ake kira rawashin, irin na tsohuwar Jidda, har da gidan da aka ce Baturen Ingilan nan Lawrence ya zauna lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Kasuwar dare ƙarama ce, sunan ya samo asali ne daga masunta da matuƙan jirgi da suke sayayya da dare, ana samun busasshen kifi, zuma, man shanu, dabino da busasshen lalo. A sa wa kowa lokaci da wurin haɗuwa, a karɓi lambar duk wanda ya san halinsa na ɓacewa a kasuwa.

Takwas ku baro Yanbu. Direban nan tun asuba yake riƙe da sitiyari, don haka lokacin da kuke kasuwa ku bar shi ya kwanta a mota kada a aike shi ko'ina, a saya masa shayi mai kauri, sannan namiji ɗaya wanda ba ya gyangyaɗi ya zauna gaba yana jansa da hira har gida. Kada kowa ya ce masa ya taka, kyamarorin Sahir masu kama gudu suna hanya kuma tarar ba za ta yi wa kowa daɗi ba. A tsaya sau ɗaya a mahaɗɗa a yi isha a zubar da shara. Mu sha ɗaya saura muka shigo Madina, yara duk sun yi barci, aka dudduba ƙarƙashin kujeru aka kwashe silifas da ledojin lalle, sannan na ƙirga wa direba cikon kuɗinsa a ƙofar gida.